Kyamara ce ke kama dokin, ko mai riƙe da ita?

Dan_Kofar_Mata:
Assalamu alaikum iyayen gida da abokan sana'a. Don Allah masu sani su fitar da ni daga duhu. Kyamarar da nake aiki da ita ƙaramar DSLR ce, wato mai madubi a ciki da ake canja wa lensi, mai ɗigon fokas 9 (wuraren da take auna nisa don hoto ya fito tar), da lensi 75-300 irin mai arhar nan. A biki da suna ba ta taɓa ba ni kunya ba. Amma a wajen hawa, musamman lokacin jafi a Ƙofar Kudu, in dawakai sun sako a guje sun nufo inda nake, sai in koma gida in tarar yawancin hotunan sun yi dishi-dishi. Wani lokaci jama'ar da ke baya ne za su fito tar, dokin da mahayinsa kuwa sun dushe. Maigidana ya ce hannuna ne bai faɗa ba. Wani abokina ya ce kyamarar ce ba ta da saurin fokas, in sayar da babur ɗina in ɗauko sabuwar irin kyamarar nan marar madubi. Wanne ne mai gaskiya a cikinsu?

SarkinZum:
Wa'alaikumus salam. Abokinka ne mai gaskiya, kada kowa ya yi maka daɗin baki. Waɗannan ƙananan kyamarorin don hoton iyali aka ƙera su, hoto uku ko huɗu suke yi a daƙiƙa, kuma a cikin ɗigo taran nan na tsakiya ne kaɗai mai ƙarfi. Ka kwatanta da Sony a9 da ta fito tun 2017: ɗigo 693, hoto 20 a daƙiƙa, tana lissafin fokas har sau 60 a daƙiƙa guda. Canon R6 Mark II ta 2022 kuwa har doki take ganewa, ta bi shi da kanta. Ta yaya hannun ɗan Adam zai yi gasa da wannan? Ba na cewa ka sayar da babur, wannan kai da aljihunka ne. Amma batun wai hannu ne, a'a.

Baba_Fim36:
Ɗana SarkinZum, to mu da muka ɗauki hawa tun kafin a san wani abu wai shi otofokas, da me muka ɗauka? Fim ɗaya hoto 36 ne, ka saye shi da kuɗinka, ka biya wanki da kuɗinka, kuma ba ka ganin abin da ka ɗauka sai bayan kwanaki. Da yatsa muke murza fokas. Kuma hotunan hakimai na wancan lokacin har yanzu suna rataye a zaurukan gidajensu, a je a duba.

Ɗan Ƙofar Mata, saurara. Dokin jafi ba ya gudu haka kawai cikin daji. Akwai inda suke tasowa, akwai inda mahayi yake jan linzami ya tsaya gaban Sarki ya ɗaga hannu ya yi jinjina. Wannan wurin ba ya canzawa, tawaga bayan tawaga nan suke cin birki. Abin da muke yi shi ne ka zaɓi wata alama a ƙasa a daidai wurin, ka kafa fokas ɗinka a kanta tun dawakan ba su taso ba, ka tsuke ƙofar hasken lensi zuwa f/8 don wurin da zai fito garau ya faɗaɗa, ka yi shiru. In ƙirjin doki ya iso alamar sai ka danna. Ba kai ke bin doki ba, shi ne zai zo ya same ka. Wannan dabarar kyamararka za ta yi ta, ta kakanka ma za ta yi.

Yar_Zazzau:
Kafin a kai ga babur da dabarun su Baba, ni tambaya gare ni. Malam Ɗan Ƙofar Mata, buɗe ɗaya daga cikin hotunan da suka lalace ka faɗa mana: shata, wato tsawon lokacin da kyamara ke buɗewa ta ɗauki haske, nawa ce? Fokas ɗin a kan wanne ka bar shi, wanda yake kamawa sau ɗaya ya kulle, ko mai bin motsi? Kuma kai ka zaɓi ɗigon ko kyamara ka bar wa zaɓi?

Dan_Kofar_Mata:
Hajiya na duba. Shata 1/320, f/5.6, a 300mm. Fokas yana kan One Shot, ɗigon kuma kyamara ce ke zaɓa. Haka nake barinta a biki.

Yar_Zazzau:
To ai ga shi nan. One Shot, ko AF-S a wajen masu Nikon da Sony, da ya kama sai ya kulle a nan. Amarya tana zaune, babu laifi. Doki kuwa kafin ka ƙarasa danna maɓallin ya bar inda aka kulle. Mayar da shi AI Servo, wato AF-C, mai bin motsi, ka zaɓi ɗigon tsakiya shi kaɗai, ka ɗora shi a ƙirjin mahayin inda akwai aikin alkyabba ko kwalliyar doki, domin fokas yana son wuri mai zane, ba ya son farar riga fes. Shata kuma kada ta sauka ƙasa da 1/1000, ko da za ka ɗaga ISO, wato ƙarfin jin hasken kyamara, hoton ya ɗan yi tsaki-tsaki. Hoto mai ɗan tsaki-tsaki ana gyara shi, wanda ya dushe kuwa sai shara.

Injiniya_KD:
Bari in sa lissafi a maganar, don a ga girman abin da ake nema daga kyamara da kuma mutum.

Doki a sukuwa yana iya yin kilomita 45 a awa, wato kusan mita 12 da rabi a kowace daƙiƙa. Mutum mai lafiya, daga ganin abu zuwa motsa yatsa, yana cin kusan kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa. A wannan ɗan tsakanin doki ya ci mita biyu da rabi. Yanzu ɗauki lensi 200mm a f/2.8 a kan kyamara mai cikakken sensa (farantin da ke ɗaukar hoton, mai girman fim), doki yana nesa da kai da mita 15. Faɗin wurin da zai fito garau bai cika mita ɗaya ba. In ya matso mita 10, bai kai rabin mita ba. Ka tsuke zuwa f/8 a mita 15, sai faɗin ya haura mita biyu da rabi. Shi ya sa Baba ya ce f/8, ba camfi ba ne.

Abin da fokas mai bin motsi yake yi shi ne hasashe. Yana auna nisan dokin sau da yawa, ya gane gudunsa, ya tura gilashin lensi inda dokin zai kasance lokacin da shata za ta buɗe, ba inda yake yanzu ba. To kyamarar da ke aunawa sau da yawa a daƙiƙa hasashenta ya fi na mai aunawa kaɗan, nan SarkinZum yana da hujja. Amma kowace iri ce tana buƙatar ka fara bin dokin tun daga nesa, ka riƙe ɗigon a kansa. In sai ya iso gabanka za ka ɗaga kyamara, ba ta da abin da za ta yi hasashe da shi.

Sannan ga hanyar gane wace cuta ce ta kama hoto. Duba ƙasa. In ƙasar da ke ƙarƙashin kofaton dokin ta fito tar amma dokin ya shafe, shata ce ta yi jinkiri. In ƙasar da ta fito tar tana can bayan dokin, fokas ne ya makara. A 1/320 dokin da ke gilmawa yana motsa kusan santimita 4 kafin shata ta rufe, kuma 300mm a hannu ba tare da sanda ba, rawar hannu ma tana shiga.

SarkinZum:
Injiniya ka gama magana, amma ka lura lissafinka ni ya goyi baya. Dabarar Baba hoto ɗaya take ba ka a kowace tawaga, in ka yi sa'a. In a daidai alamar dokin ya rufe ido, ko wani dogari ya gilma, shi ke nan. Ni kuwa ina da jeri tun daga tasowarsu har tsayawarsu, in zaɓi wanda ƙafafu huɗu suka bar ƙasa. Mahayin da zai biya ni ba ruwansa da wahalar da na sha, hoto yake so ya sa a WhatsApp kafin ya sauka daga doki.

Baba_Fim36:
Jeri ɗari na hoton da aka ɗauka daga wurin da bai dace ba, ɗana, duk ɗari ɗin ba su da amfani. Hawan Daushe da yamma ake yi. Wanda bai san inda rana za ta faɗa ba zai tsaya yana fuskantarta, ya kwaso baƙaƙen fuskoki garau-garau.

Malam_Tarihi:
Ina jin daɗin wannan zaren. Kowane ɓangare yana da shaida a tarihi.

A ɓangaren Baba: shahararren hoton nan na Muhammad Ali tsaye a kan Sonny Liston, ranar 25 ga Mayu 1965 a garin Lewiston na jihar Maine a Amurka, Neil Leifer ya ɗauke shi yana da shekara 22, da kyamarar Rolleiflex wadda da hannu ake murza mata fokas. Fitilun filasha da ya rataya a saman dandalin sai sun ɗan huta kafin su sake haskawa, don haka babu zancen jeri. Dannawa ɗaya ce. Otofokas bai shigo kasuwa ba sai 1977 da Konica C35 AF, kuma sai 1985 Minolta 7000 ta kawo shi cikin jikin kyamara mai canjin lensi yadda ya karɓu.

A ɓangaren SarkinZum: Canon ta watsar da tsohon bakin lensinta a 1987 ta fito da tsarin EOS mai mota a cikin kowane lensi, ta biyo da EOS-1 a 1989. Cikin shekarun 1990 masu hoton wasanni da yawa, ƙwararrun da suka iya murza fokas da hannu fiye da kowa, suka koma can saboda saurin fokas, har fararen lensuna suka cika gefen filaye. Waɗannan ba 'yan koyo ba ne. Da hannu kaɗai ya isa, da ba su kashe kuɗinsu ba. Haka a 2020 kamfanin dillancin labarai na AP ya mayar da masu ɗaukar hotonsa kan Sony marar madubi.

Wani abin kuma game da hoton Ali: in ka duba tsakanin ƙafafunsa za ka hango Herb Scharfman, wanda ya girmi Leifer a aikin kuma mujalla ɗaya suke wa aiki, yana zaune a ɗaya gefen. Bayan Ali kawai ya samu. Ƙwarewa tana nan, kayan aiki suna nan, kujera ce ta raba su.

Na_Deidei:
Ku duk dawaki kuke magana. Ku zo gidan dambe ku gani. A dambe nisan da ke tsakaninka da 'yan wasa kusan ba ya canzawa, suna zagaye ne a wuri ɗaya, don haka fokas ba shi ne ciwon kai ba. Ciwon kan shi ne lokaci. Kisa ɗaya ne, kuma ba ya sallama. Za su yi ta kallon-kallo, hannun garkuwa a miƙe, hannun da aka naɗe da kara yana baya, kai kana ta danna jeri har kyamara ta cika ta tsaya tana rubutawa a memori, a daidai nan za a kwaɗa wa mutum ya faɗi. Na ga masu manyan kyamarori sun rasa kisa ta haka.

Ni kafaɗa nake kallo da ƙafar baya. Ɗan dambe kafin ya saki hannu sai ya ɗora nauyinsa a ƙafar baya, kafaɗar ta ɗan sauka. Kuma in ka daɗe kana zuwa za ka san wane ne mai kai hari tun turmin farko, wane ne mai jira. Kiɗan kalangu ma yana gaya maka wani abu, in makaɗi ya zuga mutum da takensa to ka shirya.

Inda nake yarda da SarkinZum shi ne manyan wasanni sai dab da magariba ake sa su. Haske ya tafi, fitilun gidan ba su da ƙarfi. A nan tsohuwar kyamara sai ta yi ta kai da komo tana neman fokas.

Injiniya_KD:
@Na_Deidei wannan kai da komon sau da yawa lensi ne, ba jikin kyamara ba. DSLR tana auna fokas ne da lensi a buɗe iyakar buɗewarsa. Lensin da iyakarsa f/5.6 yana shigar da kashi ɗaya cikin huɗu ne kacal na hasken da f/2.8 ke shigarwa. Ga kuma motar da ke cikinsa, masu arha motarsu a hankali take juyawa. Ka ɗaura lensi 70-200 a kan ƙaramar kyamarar Ɗan Ƙofar Mata za ka yi mamakin yadda za ta farka. In ni ne shi, lensi zan fara canzawa.

Ba_Maradi:
Gaisuwa daga Nijar, 'yan uwa. Abin da Na_Deidei ya faɗa haka yake a kokowa. Mu nan gasar takobi tun 1975 ake yin ta, an fara a Tawa, kuma jihohi takwas ke karawa. Fili ne na rairayi, ana iya share mintoci 'yan kokowa na riƙe da juna ba abin da ke faruwa, sannan kaye ya zo cikin ƙiftawar ido. Wanda ya san kokowa yana ganin lokacin da hannu ya sauka ya kama cinya, ya san an kusa. Amma matsalarmu rairayi ne. Da sun fara turza ƙasa sai ƙura ta tashi tsakaninka da su, kyamara mai wayo sai ta bar mutum ta kama ƙurar, ko ta tsallaka kan alƙalin wasa da ke zagayawa. Ni na rage mata saurin sauya abin da take bi, a cikin menu akwai wurin, sai ta daina tsalle duk lokacin da wani ya gilma.

Yar_Zazzau:
Yawwa Ba_Maradi, ka taɓo inda nake so. Ni marar madubi nake riƙewa yanzu, ba sai na kama suna ba, kuma ba zan koma baya ba. A wajen kamu da rawar 'yan mata gane ido da take yi ya sauƙaƙa mini aiki ƙwarai. Amma a hawan Zazzau wayonta yana raguwa. Hakimi ya naɗa rawani ya ja amawali ya rufe baki da hanci, idanu kaɗai suka rage, su ma cikin inuwa. 'Yan lifidi da 'yan kwalkwali kuma ba a magana. Kyamara tana neman fuska, ba ta ga fuska ba, sai ta hango wani yaro a cikin 'yan kallo fuskarsa a buɗe ta tafi can. Shi kansa dokin an rufe masa goshi da kayan ado. Sai 'yan bindiga su saki harbi hayaƙi ya turnuƙe wurin. A irin wannan lokacin kashe gane fuskar nake yi, in koma ƙaramin akwati guda ina ɗora shi da kaina inda nake so. Wato na biya kuɗin sabuwa, ina aiki da ita irin na da.

SarkinZum:
Hajiya amma ko da kin kashe gane fuska, saurin da take bin abin da kika ɗora mata ai ba irin na tsohuwar ba ne. Faɗi gaskiya.

Yar_Zazzau:
Ba irinsa ba ne, ban musa ba. Cewa na yi ba ta san wane ne Sarki ba.

Mai_Waya_Kawai:
Ni fa duk wannan wahalar ban gane mata ba. Wayata tana ɗaukar bidiyo 4K, in tsayar in ciro hoton da nake so. 😂

Na_Deidei:
Ciro ka buga shi babba a firam ka kai wa hakimi, sannan ka dawo ka ba mu labari.

Zango_Kumasi:
Tunda an zo maganar saye, a yi hattara da na hannu. Manyan DSLR na da sun yi sauƙi yanzu saboda Turawa suna komawa marar madubi. Canon 7D Mark II ta 2014 tana da ɗigo 65 da hoto 10 a daƙiƙa, Nikon D500 ta 2016 ɗigo 153 ita ma hoto 10. Don wasanni da namun daji aka yi su, kuma batirinsu yana daɗewa fiye da na marar madubi, abin da ke da muhimmanci ga wanda zai wuni a rana ba wurin caji. Amma ka sa a duba maka adadin dannawar shata kafin ka biya, ka haska tocila cikin lensi ka duba ko akwai fumfuna. Kayan da suka zauna a gabar teku irin namu nan suna yawan kamuwa da ita.

Gidan_Gyara:
Ƙari a kan na Zango_Kumasi: kada ku canza lensi a tsakiyar filin hawa. Bayan kowace Sallah kyamarorin da ake kawo mana sensa duk ƙura. Marar madubi ta fi saurin kwasa domin da ka cire lensi sensar tana nan a fili. Ku ɗaura lensi ɗaya tun daga gida.

Shugaban_Zaure:
Jama'a a dawo kan tambaya. Masu tallan kaya su bi ta akwatin sirri, na goge saƙonni biyu.

SaiMasuGida:
Ni ƙwallo nake ɗauka, yawanci a filin Sani Abacha in Pillars na gida. Ƙwallo ta bambanta da jafi domin babu alamar da za ka kafa fokas ka jira, sai dai a bugun fanareti ko kwana. Ɗan wasa yana gudu ya juya, wani ya shiga gabansa, ƙwallo ta koma ɗaya gefen. A nan gaskiya dabarar Baba ba za ta ciyar da kai ba, kuma duk wanda ya ce saurin fokas ba kome ba ne bai zauna bayan raga ba. Canon R1 ta 2024 har an koya mata ƙwallon ƙafa da kwando da na raga, tana gane wanda ke shirin bugawa ta koma kansa.

Amma ga wani abu. Bugun ƙwallo mai ƙarfi yana kai kilomita 100 a awa, kusan mita 28 a daƙiƙa. A hoto 10 a daƙiƙa, tsakanin hoto da hoto ƙwallo ta yi kusan mita uku. Wato kana iya riƙe maɓalli tun daga farko har ƙarshe, a hoto ɗaya ƙwallo ba ta iso ƙafa ba, a na gaba ta fice daga firam. Hoton farko na jerin shi ne wanda kai ka zaɓi lokacinsa, sauran rabo ne. Kuma idona na hagu a buɗe yake koyaushe ina kallon fili, domin in ɗan gefe ya ɗaga kai zai yi kuros, ni na riga na koma kan mai cin ƙwallo kafin ta iso.

Abin da ya fi taimaka mini shi ne raba fokas da maɓallin ɗauka. Na mayar da shi maɓallin baya, AF-ON, babban yatsa na fokas, manuni na ɗauka. In alƙali ya gilma sai in ɗaga babban yatsa, fokas ya tsaya inda yake. Ɗan Ƙofar Mata, ko ƙaramar kyamara tana yarda a mayar da wani maɓallin baya ya yi wannan aikin, duba cikin saitunan musamman.

Malam_Tarihi:
SaiMasuGida ya tuna mini da hotuna biyu na Olamfik. Na Usain Bolt a Rio 2016, a wasan kusa da na ƙarshe na mita 100, inda ya waiwaya yana murmushi sauran suna binsa a baya. Cameron Spencer na kamfanin hotuna na Getty ya ɗauke shi da shata 1/40, da gangan, yana juya kyamara daidai da gudun Bolt, shi ya sa fuskar ta fito amma ƙafafu da bango suka shafe. Yana riƙe da kyamarar da za ta iya daskarar da komai, ya zaɓi kada ta daskarar. Na biyu na Gabriel Medina ɗan Brazil, mai wasan hawan igiyar ruwa da allo, a gasar 2024, a Teahupo'o ta Tahiti, yana tsaye cikin iska ya ɗaga yatsa, allonsa a gefensa. Jerome Brouillet na kamfanin dillancin labarai na AFP ya ɗauka daga cikin kwalekwale. Ba ya ma ganin Medina lokacin da yake cikin igiyar ruwan, ya dai san inda zai ɓullo ya auna can.

SarkinZum:
Malam, to su biyun da wace irin kyamara suka je? Akwai wanda ya je Olamfik da mai ɗigo 9? 😄

Baba_Fim36:
Akwai kuma ɗaruruwan da suka je da irin kyamararsu sak, suna wurin, ba su dawo da hoton ba.

Dan_Kofar_Mata:
Na gode ƙwarai iyayena. Na je filin sukuwa inda ake kilisa da yamma na gwada abin da Hajiya da Injiniya suka ce: AI Servo, ɗigon tsakiya, 1/1250. Bambancin a bayyane yake. Dokin da ke gilmawa ta gefe yanzu yana fitowa sosai. Wanda ya nufo ni kai tsaye kuwa, daga nesa yana kamawa, amma da ya matso kusa sai fokas ya riƙa zama a bayansa, wutsiya garau kai a dushe. Na gwada ta Baba ma, na kafa a kan wani dutse, ta yi, sai dai sau da yawa ina dannawa ya riga ya wuce.

Injiniya_KD:
Wannan na kusa ɗin shi ne iyakar kayan aikinka, ba hannunka ba. Yayin da abu ke matsowa, tafiyar da gilashin lensi zai yi don ya bi shi tana ƙaruwa sosai. Daga mita 40 zuwa 30 ɗan motsi ne, daga mita 10 zuwa 5 babbar tafiya ce, motar ba ta iya cim masa. Ko ka ja da baya ka ɗauke su tun suna nesa, ko ka tsaya ta kusurwa maimakon gaba da gaba, ko lensi mai saurin mota.

Baba_Fim36:
Wucewar da yake yi maka kuwa, ɗana, don kana jira ka ga ya taka dutsen ne. Danna tun yana saura taku ɗaya. Kuma ka ci gaba da zuwa kilisar nan, ba a fafe gora ranar tafiya. Ko sabuwar ka saya, kada ranar hawa ta zama ranar da za ka fara koyon maɓallanta. Sannan gaba da gaban nan da kuke so, ku yi hankali. Ta cikin lensi ba ka gane ainihin nisan doki, sai dai ka ga ya iso. Dogarai ba don mugunta suke kora mutane baya ba.

Yar_Zazzau:
Shawarata kada ka taɓa babur ɗin tukuna, da shi kake zuwa wurin aiki. Akwai masu ba da hayar kyamara da lensi na wuni. Karɓi 70-200 ka ɗaura a taka ka koma filin sukuwar, wata ranar kuma ka karɓi marar madubi, ka tsaya wuri ɗaya a lokaci ɗaya. Sai ka kwatanta da idonka.

SarkinZum:
Na yarda da gwajin. Amma ina gaya muku in ya riƙe marar madubi wuni ɗaya ba zai iya mayar da ita ba, babur ɗin nan ya tafi.

Na_Deidei:
In ya karɓo hayar ya biyo da ita gidan dambe ranar Lahadi bayan la'asar, a gwada ta a hasken magariba. @SaiMasuGida wane maɓalli ka ce ana mayarwa a ƙananan da ba su da AF-ON?

SaiMasuGida:
A Canon mai alamar tauraro, a Nikon wanda aka rubuta AE-L/AF-L. Kwanakin farko za ka riƙa mantawa kana danna na gaba kawai, hotuna su fito ba fokas, don haka kada ka fara gwada shi a bikin mutane.